Randar Da Na Ba Goggo Kyauta

Edita, bayan gaisuwa, ina neman ka ba ni fili a shafin masu karatu in sauke wani kaya da na fi shekara arba'in ina ɗauke da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. A lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da takwas, muna zaune a Karantina, kudancin Jidda, cikin ɗakin gwangwani da katakon akwati irin wanda kowa ke ciki a unguwar a wancan zamani. A Sudan aka haife ni. Iyayena Hausawa ne da suka taso aikin hajji suka yada zango a can suna noman auduga, saboda haka Larabci a bakina yake kamar Hausa. Mijina ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ciwon ciki ya ɗauke shi cikin kwana biyar, ya bar ni da 'ya'ya uku, ƙaramar tana bakin nono. Abu ɗaya ya bar mana mai daraja, shi ne iƙama, takardar izinin zama, wadda kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa, ya ci gaba da sabunta mana don Allah. Ni kuwa mace ce mai baki da zafin nema, ba na zama in jira sadaka, kuma ina ji da kaina a kan haka fiye da kima.

Sana'ata sobiya ce. Wanda bai san ta ba, abin sha ne na mutanen Hijaz, da sha'ir ake yi ko busasshen burodi, a jiƙa, a tace, a sa sukari da kirfa, a jefa ƙanƙara. Halal ce tsantsa in an sha ta a ranarta ko washegari. Amma duk matar da ke yin ta ta san cewa in ta daɗe a randa cikin zafin Jidda tana juyewa ta zama wani abu dabam, kuma ta san hukuncin wannan abin a ƙasar. Ɗakina yana layin farko, yana kallon filin da motocin ruwa ke tsayawa, waɗanda muke kira wayit, don lokacin ba a ja mana famfo ba. Mu shida ne masu sobiya a layin, kowa da rumfar buhu a ƙofar ɗakinta. Direbobi su ne manyan masu sayenmu.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo. Daga ƙasar Hausa ta taso da ƙafa, ta yi shekara bakwai a hanya, ta binne mijinta a wani gari da ɗanta a wani, ta ƙetare teku a kwale-kwale ba takarda ko ɗaya. Ta yi hajjinta ta ce halas, ba inda za ta. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa kusa da ni, in na shiga ba yarinya nono ko salla ita ke tsare mini rumfa. Burinta a duniya ɗaya ne, kuma ba ta gajiya da faɗarsa har muna mata dariya: a binne ta a wannan ƙasa. Ta sayi likkafaninta tun shekarar da ta iso, ta wanke shi da zamzam a Makka, ta ajiye a ƙaramin akwatin ƙarfe. Kowace Juma'a sai ta fito da shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar. Ni kuma in tsokane ta in ce asarar turare take yi, domin tun wani zazzaɓi da ya kama ta a hanya hancinta ya mutu, ba ta jin ƙamshi ba ta jin wari. Sai ta ce ai ba don hancinta take yi ba.

Ba da niyya na fara abin ba, wannan kam zan iya rantsewa. Ɗana na tsakiya ya yi ƙyanda, na yi kwana huɗu ban fito ba, sobiyar da na haɗa ta zauna a wata babbar randa a ƙuryar ɗaki. Ranar da na fito zan zubar, sai ga wani direban wayit, Bahaushe ne haifaffen Jidda, abokin marigayi mijina, matar yaya yake ce mini, kullum muna wasa. Ya ce in ba shi ya ɗanɗana kafin in yi almubazzaranci. Ya sha, ya lumshe ido, ya ce wallahi wannan ita ce sobiya, sauran duk ruwan sukari ne. Washegari ya dawo da mutum biyu. Daga nan na zama mai randa biyu, ɗaya a rumfa don kowa, ɗaya bayan labule don waɗanda suka san yadda ake tambaya, kuma kuɗinta ninki ne. Na riƙa gaya wa kaina ai tsami ne kawai ta yi, ban zuba mata komai ba, ban kira ta da wani suna ba. To amma ni ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ranar da babban ɗana ya miƙa hannu zai buɗe murfin, marin da na yi masa sai da ya kwana da shaida. Na yi wajen shekara ɗaya a haka, Goggo ba ta san komai ba, don daga randar rumfa kawai take zubawa.

Ranar wata Talata ce, bayan azahar, ana irin zafin nan mai danshi da riga ke manne wa mutum. Direban ya zo, ya ce tun asuba yake jigila bai sa komai a cikinsa ba. Na shiga bayan labule na kawo masa kofi ɗaya, na kawo na biyu, na kawo na uku. Ya tashi zai hau mota, tankin cike da ruwa, na ga ƙafarsa ta kuskure matakala sau biyu. Na gani da idona, edita, ban ji a bakin kowa ba. Maimakon ya hau sai ya dawo yana dariya, harshensa ya yi nauyi, ya ce matar yaya ta ƙara masa na hanya. Goggo ta dube shi ta ce mini rana ce ta bugi yaron nan, in shimfiɗa masa tabarma ya kwanta a inuwa, kada a bar shi ya ja mota. Na ce mata ƙato ne ya san kansa, ni ba uwarsa ba ce. Na zubo na huɗu. Ya shanye a tsaye, ya ce yalla, ya tafi.

Kafin la'asar labari ya iso. A hanyar tashar jirgi ya kwashe wani Bayamane mai tura amalanke, sannan motar ta daki bango ta kife. Bayamanen ko shurawa bai yi ba. Direban ya kai washegari a asibiti, kuma kafin ya cika askar, wato 'yan sanda, sun tambaye shi inda ya sha abin da suka ji a bakinsa, ya ce a layin masu sobiya na Karantina. Bai faɗi suna ba, ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi ko numfashi ne bai kai ba. Bayamanen da aka kashe yana da wa, mai kanti ne a cikin gari. Wannan mutum ya je wurin masu rubuta takardun ƙara da ke zama a ƙofar mahkama, wato kotu, ya sa aka rubuta masa takardar ƙara, shakwa ake ce mata. Ya ce direba ya tafi inda ba a kamo shi, mota kuwa ba ta shan komai, saboda haka hannun da ya zuba yake nema, a fito da shi ya ɗauki jinin ɗan'uwansa da ya bar marayu. Matar umda, wato mai unguwarmu, ita ta tsegunta wa wata, kafin yamma duk layin ya sani. Unguwa ta yi tsit, direbobi suka daina tsayawa, mu shida muna gaisawa ba mai kallon idon wata.

Da sassafe ranar Alhamis na juye abin da ya rage a masai. Na wanke randar da toka, na wanke da sabulu, na ɗauraye sau ba adadi, na shanya. Ina sunkuya hanci a bakinta warin ya taso mini, domin yumɓu yana shanye abin da ya daɗe a cikinsa. Na yi tunanin fasa ta, amma bangon gwangwani ba ya ɓoye ko tari, kuma mai sobiya ta fasa babbar randa a wannan mako, ta fita da ɓaraguzai, ai ta kai ƙarar kanta. Ina tsugune a gabanta, sai na jiyo Goggo tana mita a ɗakinta. Tata randar ta fi wata guda da tsagewa, tana ta liƙe ta, ruwan zafi take sha. Wallahi na san abin da nake yi. Na tuna hancinta kafin in tuna komai. Na ce a raina wa zai binciki ɗakin tsohuwa mai gyaɗa, in ƙura ta lafa na karɓo abata in saya mata sabuwa. Na ɗauka na kai mata na ce kyauta ce. Ta yi ta shi mini albarka har da ƙwalla, ta sa aka cika mata ita da ruwa, ta ɗora ta a kan kujerar katako a bakin ƙofa inda iska ke bugawa.

Juma'a ta zo ba wanda ya zo. Goggo ta shanya likkafaninta kamar kullum, a igiyar da ke saman randar. Wata maƙwabciya ta tsaya ta ɗebi ruwa za ta sha, ta yamutsa fuska, ta zubar, ta juyo ta dube ni tsawon lokaci, ta wuce. Na sha jinin jikina. Sau uku ina tashi in je in karɓo randar, sau uku ina komawa in zauna, don ban san me zan ce ba, ban kuma san inda zan kai ta ba. Asabar ma ta wuce. Duk ƙarar mota sai gabana ya faɗi, nonona ya ɗauke, yarinya tana ta kuka.

Ranar Lahadi da hantsi suka zo: umda, askar biyu, da mai ƙarar, wani dogon mutum siriri wanda ba ya ɗaga murya. Suka bi ɗakunanmu mu shida, suna buɗe kowane mazubi suna shinshinawa. A nawa suka ɗaga labule suka tarar da buhun gawayi a inda randar take da. Har sun juya za su tafi, mai ƙarar ya ji ƙishi, ya nufi randar da ke ƙofar Goggo, ya ɗaga murfi. Bai sha ba. Ya kira askar da hannu. Aka tambayi ta wace ce, Goggo ta fito tana murmushi ta ce tata ce, su sha, akwai sanyi. Wani ya ce ai ana ganin tsohuwar nan tana zuba wa direbobi sobiya a rumfa. Aka tambaye ta iƙama, babu. Lokacin ne ta gane, ta waiwayo ta dube ni, ni kuma na sunkuya ina gyara goyon da ba abin da ya same shi. Aka sa ta a mota da randar, ko akwatinta ba a bari ta ɗauka ba.

Bayan kwana goma aka kira zama a mahkama. Larabcin Goggo bai wuce na ciniki da gaisuwa ba, sai umda ya ce a nemo wadda za ta yi tafinta, ya kuma ce ba wadda ta fi ni, tunda ni ce maƙwabciyarta kuma bakina ya iya duka biyun. Ina da hanyar ƙi? Na sa baƙin mayafi na bi shi. Alƙalin tsoho ne mai haƙuri, randar tana ajiye a gabansa. Direbobin da aka kira duk suka ce ba su san komai ba. Ya sa Goggo ta rantse, ta rantse cewa ba ta taɓa haɗa abin maye ba, ba ta taɓa shayar da kowa shi ba, na juya masa daidai, kuma gaskiya ce. Sai ya ce in tambaye ta inda ta samo randar. Na tambaye ta da Hausa. A ɗakin nan kaf ba mai jin Hausa sai ni da ita. Ta ɗago ta ce mini a hankali, kamar muna hira a rumfa:

"Na rantse ba zan yi ƙarya ba, 'yata. Randarki ce, ke kika ba ni. Abin da kika ga za ki iya ɗauka, shi za ki gaya masa."

Na tuna bulala, na tuna kurkuku, na tuna diyyar da ko an sayar da ni ba zan iya biya ba, na tuna 'ya'ya uku a ɗakin gwangwani ba uwa ba uba. Na juya wurin alƙali na ce masa da Larabci mai kyau, tsohuwa ta ce a hannun wani mai tallan tsofaffin kaya ta saya, ba ta san shi ba, ba ta kuma jin wari. Magatakarda ya rubuta. Goggo ba ta ji kalmomin ba, amma ta ga ba wanda ya juyo ya dube ni, ta sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce ba a kawo shaidar da ta tabbatar ita ta shayar ba, don haka ba jini a kanta, ba bulala. Amma tunda ba ta da izinin zama, kuma an samu abin zargi a hannunta, za a miƙa ta ga masu tarhil a mayar da ita inda ta fito. Ni na juya mata wannan hukunci da bakina. Da muka fito, mai ƙarar ya tsaya a gabana, na zaci ƙarshena ya zo. Ashe godiya zai yi mini a kan wahalar tafinta. Ya ce shi ma zuciyarsa ba ta ba shi tsohuwar nan ce ba, amma ya bar hannun da ya zuba da Allah, Allah ya hana mai shi kwanciyar rai har su haɗu a gabansa. Ya tsaya yana jira kamar yadda ake yi in an yi addu'a. Na ce amin.

Wata biyu ta yi a tsare. Ranar da za a sa su a jirgin da ke ƙetarawa Sudan, matar umda ta gaya mini, na ɗauki akwatin ƙarfen nan da ƙullin busasshen burodi na tafi tashar. Na same ta a layin mata cikin rana, ta rame, ta ƙara tsufa. Na durƙusa zan yi magana, kuka ya ci ƙarfina, kuma ko a lokacin ina satar kallon askar kada ya ji. Ta tambaye ni ko haƙoran yarinya sun fito. Ta karɓi burodin. Akwatin kuwa ta turo mini shi da bayan hannu.

"Don ƙasar nan na wanke shi," in ji ta. "Riƙe shi. Ke ce za ki kwanta a nan."

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Layi ya motsa ta bi.

Ban sake jin ɗuriyarta ba. Shekara da shekaru ina bin alhazan yankinsu ina tambaya, ba wanda ya san ta, don ba ta bar kowa a can ba. Ban sani ba ko ta kai gida, ko a bakin teku ta tsaya, ban san wanda ya wanke ta ba, ban san da me aka lulluɓe ta ba. Na bar sobiya tun ranar da aka ɗauke ta, na koma wanki da guga a gidajen mutane. 'Ya'yana suka girma, muka bar Karantina muka koma Bani Malik, na yi hajji fiye da sau ɗaya. Na taɓa tambayar wani malami kamar labarin wata nake bayarwa, ya ce wannan mata sai ta nemi waɗanda ta zalunta tun suna raye. Na je neman mai kantin nan, na tarar kantin ya daɗe da komawa hannun wani. Mutum uku ke bina, kuma ba ko ɗaya da zan iya durƙusa wa a duniya.

Abin da na koya ke nan nake so masu karatu su ji, musamman masu zuba wa mutane abin da ke juya hankali, ko da wane suna kuka sa masa, ko a kofi ko a kwalba ko a ƙwaya. Kada ka ce shi ya nema, babba ne ya san kansa. Ni ma haka na ce. In ka ga ƙafarsa tana kuskure matakala ka ƙara masa, to duk inda ya je ya yi ɓarna hannunka yana wurin. Kuma kada ka ɗauka tsira daga alƙali ita ce tsira. Ni ba a rubuta sunana a takarda ko ɗaya ba, amma don in tsira sai da na nemo wanda ya fi ni rauni na aza masa, kuma na zaɓi wadda ta fi kowa yarda da ni. Duk wanda yake da irin wannan a wuyansa ya je ya faɗa tun masu haƙƙin suna inda zai same su.

Yanzu na kai shekarun da Goggo take a lokacin, har na wuce. Akwatin yana ƙarƙashin gadona, kowace Juma'a ina fito da likkafanin ya sha iska in turara shi. 'Yata, autar nan, takan yi dariya ta ce Umma ta gama shiri tun da wuri. Na yi musu wasiyya cewa in ta Allah ta kasance su sayo yadi a kasuwa, kada a sa ni a wannan. Sun tambaye ni dalili, na ce ba nawa ba ne. Har yau ban gaya musu na wace ce ba.